Sabon Haƙorin Harmen

Likitan da ya gyara wa Harmen Wiersma haƙori ba mugu ba ne, kuma ba wanda zai ce bai iya aikinsa ba. Iya aikin ne ma ya jawo matsalar. Harmen ya faɗi da keke a kan ƙanƙara wata Asabar cikin Janairu, haƙorinsa na gaba ya ɓalle rabi. Likita ya cike masa shi da farin ƙullun nan nasu mai daskarewa, ya goge, ya daidaita shi da ɗan'uwansa, har ya miƙo masa madubi yana jiran yabo. Bawan Allah bai san tsohon haƙorin yana da ɗan gibi a gefe ba, bai kuma san ta wannan gibin iska take bi shekara arba'in da ɗaya ba, duk sanda Harmen ya ɗora ƙaho a leɓensa.

Masu busa da yawa sukan je tun suna da ƙuruciya a ɗauki siffar haƙoransu, a zuba ta a farar ƙasa, su ajiye a gida saboda irin wannan rana. Renske Dijkema tana da tata a kwalin takalmi a saman kabad. Harmen ya sha yi mata tsiya a kan haka, wai mace da hankalinta ta ajiye bakin gawa a ɗakin kwana. Shi bai taɓa zuwa ba, don mutum ne mai taurin kai, irin wanda ko ruwa ake tsugawa sai ya ce yayyafi ne.

Renske ce mai ƙaho na biyu a ƙungiyar makaɗan da Maurits ya kafa yake kuma jagoranta, Harmen kuma na ɗaya. Shekara ashirin da tara tana zaune a damansa, bakin ƙahonsa yana kallon kunnenta na hagu. Ƙungiyar ba ta taɓa kayan kiɗan zamani. Masu goge suna ɗaura tsarkiyar hanjin tumaki, ganguna fatar maraƙi ce, ƙahonin kuwa tagulla ce zalla a nannaɗe, babu maɓalli ko ɗaya. Duk sautin da kake so daga leɓenka zai fito, sai kuma hannun dama da ke cikin faffaɗan bakin ƙahon yana buɗewa yana toshewa. Harmen shi ne na sama, Renske ta ƙasa. Aikinta ta shimfiɗa masa inda zai taka, kuma babban yabon da ake yi wa mai wannan kujera shi ne a tashi daga wasa ba wanda ya tuna tana nan. Ta ɗauki wannan da muhimmanci fiye da yadda take nunawa. A faifai talatin da wani abu da sunanta yake jiki, babu inda mai kunne zai ɗora yatsa ya ce nan Renske ta kuskure.

Shekara tara ke nan suna naɗar simfonin wani tsohon gwanin Vienna, wato dogayen kiɗe-kiɗensa masu babi-babi, ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan ne faifan ƙarshe. A babinsa na biyu, mai tafiyar hawainiya, akwai wurin da kowa yake sassautawa, ƙaho na ɗaya ya hau shi kaɗai na kusan daƙiƙa arba'in, na biyu kuma ya riƙe masa sauti guda a ƙasa. Tun ranar da aka fara aikin Harmen yake maganar wurin nan. Yana da shekara sittin da huɗu, ya kuma san faifan ne zai rage bayansa. Ga shi a ƙungiyar babu wanda aka ɗauka aikin dindindin. Waya ake bugo maka kafin kowane aiki, ranar da ba a bugo ba kuma kai ma ka gane.

Renske kaɗai ya gaya wa zancen haƙorin a ƙungiyar, mako uku da suka wuce, a cikin jirgin ƙasa, yana kallon taga.

Ranar Alhamis da safe suka iso inda za a naɗi faifan. A wata tsohuwar coci suke aikin, a wani ƙauye arewa da Groningen, saboda yadda sauti yake zagayawa a cikinta kafin ya mutu. An kashe bututun ɗumi tun ƙarfe tara don ƙwanƙwasarsa tana shiga makirufo, saboda haka mutum arba'in suna zaune cikin rigunan sanyi, masu goge da safar hannu mai yankakkun yatsu. Liesbeth, mai ɗaukar sauti, tana can ɗakin dattawan coci da na'urorinta. Ba a ganinta, sai muryarta ta lasifika da jar fitilar da take kunnawa in an fara ɗauka.

Sau goma sha ɗaya aka ɗauki wurin nan na Harmen kafin rana ta yi tsaka. Harmen yakan taso lafiya, ya hau, ya hau, sai a sautin ƙoli abin ya fashe kamar muryar zakaran da bai gama girma ba. Kowane karo Liesbeth takan ce ta gode, a sake. Ba wanda ya waiwayo. Wannan doka ce da ba a rubuta ba: in ɗan'uwanka ya fasa sauti, sai ka tsura wa takardarka ido kamar yau ka fara ganinta. Renske ma ba ta dube shi ba, amma tana jin numfashinsa, ta kuma ji lokacin da tsoro ya shiga cikinsa, wajen karo na shida. Tausayinsa ya kama ta har ya koma haushi.

Da aka tashi cin abinci, Maurits ya biyo ta bayan kujeru ya tsaya a kansu. Dogo ne mai furfura, ba ya ɗaga murya, kuma shekarunsa da Harmen sun fi nasa da matarsa yawa. A hankali ya yi bayani. Cocin tasu ce zuwa gobe da tsakar rana kawai. Bayan abinci za a gwada sau uku. In bai yiwu ba, zai kira wata mai busa daga Antwerp, ta hau jirgin yamma, a ɗauka da ita gobe da safe. Ya ce ransa bai so ba, kuma da gani gaskiya ya faɗa. Harmen ya gyaɗa kai yana goge ƙaho da tsumma.

Kowa ya tafi ɗakin taron coci inda aka ajiye tukunyar miyar wake da burodi da cuku. Renske ta ɗebo kwano biyu ta tarar da Harmen a matakalar da ke hawa saman coci, yana taɓa haƙorin da harshe.

"Ci," ta ce.

"Ba na jin yunwa."

"Ban tambaye ka ba. Karɓi, hannuna ya gaji."

Ya karɓa ya ajiye a gefe. Ya ce iskar tana zuwa daidai har bakin haƙori, sai ta rasa hanya. Ya canza inda yake ɗora ƙahon, ya gwada hagu, ya gwada dama, mako uku yana yi a ɗakin ƙasa har matarsa ta koma kwana gidan 'yarsu. Ya koma wurin likita, likita ya ce ba zai ɓata aiki mai kyau a kan abin da ba shi da hotonsa ba, ya kawo siffar tsohon haƙorin tukuna. Ya nemi hotuna a gida, ashe duk rayuwarsa bai taɓa yin dariya a gaban mai hoto ba.

"Ka ga amfanin bakin gawa yanzu?" in ji ta.

"Na san za ki faɗa. Mako uku kina riƙe da ita, na yi mamaki."

"Buɗe bakinka."

Ya buɗe. Ta kama haɓarsa ta juya fuskarsa wajen hasken taga. Haƙorin fari tas, a miƙe, kamar na mai tallan man goge baki. Sai ta ga ashe ta san inda gibin yake. Shekara ashirin da tara tana ganin wannan gefen fuskar duk sanda ya sunkuyo zai raɗa mata gulmar masu goge. A kusurwar dama ta ƙasa yake, a karkace, bai kai ƙwayar gero ba.

Ta tashi ta nemo Evert mai algaita, wanda kullum yake yawo da 'yar jakar wuƙaƙe da samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako, don gyaran ɗan karan da yake busawa. Ta ce ya ba ta mafi laushi. Ya tambaye ta me mai ƙaho za ta yi da samfefa, ta ce farce. Ya dubi farcenta, ya dube ta, ya miƙa mata.

Da Harmen ya ga abin da ke hannunta sai ya ja da baya.

"Ke Renske, kin haukace ne?"

"Wataƙila. Kana da wata dabara? In kana da ita faɗa, miyata tana hucewa."

"In kika wuce wuri fa?"

"In na wuce, gobe 'yar Antwerp ta zo. In ban taɓa ba ma gobe ta zo. Zaɓi."

Ya jingina kai da bango ya buɗe baki kamar yaro. Ta naɗe samfefar a jikin fensir ɗinta. Ta goga sau huɗu ta tsaya, ya taɓa da harshe, ya ɗauki ƙaho ya busa a hankali, ya girgiza kai. Ta ƙara uku. Haka suka yi ta yi, ita tana gogawa tana hure farin garin, shi yana gwadawa, hawaye na zubo masa don abin ya fara taɓa mai rai. A karo na biyar ya busa, ya tsaya, ya sake busawa. Sai ta ga kafaɗunsa sun sauka. Daidai nan suka ji masu goge sun fara ɗaura tsarkiya. Suka bar miya a matakala, suka taho da sauri, ita tana cusa samfefa a aljihu.

Wanda ya taɓa busa tagulla a wuri mai sanyi ya san numfashi yana zama ruwa a cikin bututu. Shi ya sa kullum za ka ga masu ƙaho suna zare ɗan lanƙwasan bututu suna jujjuya ƙahon suna zubar da ruwa a ƙasa, har masu kallo su ɗauka wani iyayi ne. Renske tana yin haka kafin kowace ɗauka, ko da minti ɗaya ya wuce da ta yi. Ɗalibanta sun san ta da wannan. A ranar, ƙahonta ya yi minti arba'in a kan kujera cikin sanyi, ta zo ta ɗauka, ta ɗumama shi da numfashi idonta yana kan Harmen, jar fitila ta kama, ba ta juya shi ba.

Masu goge suka shimfiɗa, suka sassauta. Renske ta shiga da nata sautin a ƙasa, Harmen ya taso. Tun daga sauti na uku ta san ya dawo. Wannan muryar ce da kunnenta na hagu ya sani, mai ɗan duhu inda hannu ya toshe, mai haske inda ya buɗe. Ya hau bai yi gaggawa ba, ya kai ƙoli, ya zauna a kai kamar gidansa. Kuma a nan, a ƙarƙashin wannan sautin, ƙahon Renske ya yi ɓul-ɓul sau biyu, kamar an tsoma kwalba a bokiti. Bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Ta riƙe sautin har ƙarshe, amma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da fitila ta mutu, makaɗa suka shiga goga takalma a ƙasa, wanda shi ne tafinsu in ɗayansu ya yi abin kirki. Liesbeth ta bari suka gama, sannan ta ce ƙaho na ɗaya ya yi kyau ƙwarai, amma akwai ruwa a na biyu, a sake.

Aka sake. Harmen ya fasa a ƙoli. Aka sake na uku, wannan karon ko ƙolin bai kai ba. Ya sauke ƙaho ya dafe baki da tafin hannu, Renske ta gane sanyin iska ne yake shiga inda ta goge. Maurits ya ba da hutun minti goma sha biyar ya nufi ɗakin dattawa. Renske ta zubar da ruwan ƙahonta, yanzu da ba shi da amfani, ta bi bayansa.

Ba a saba ganin mai ƙaho na biyu a ɗakin nan ba. Liesbeth tana zaune da bargo a cinya, Maurits yana tsaye da waya a hannu. Renske ta roƙa a sa mata ɗaukar farko ta bayan abinci. Aka sa. A lasifika abin ya fi muni, don makirufo ba ya kara. Ta tambaya ko za a iya yanke wurin a dasa wani. Liesbeth ta ce da za a iya da tuni ta yi. Ƙahonin biyu makirufo ɗaya suke shiga, cocin kuma tana gauraya su, ruwan yana daidai ƙarƙashin sautin ƙoli, kuma a ɗauka goma sha huɗu sau ɗaya tak Harmen ya samu wannan sautin. Za ta iya rage shi kaɗan. Cire shi kam, sai dai a cire Harmen tare da shi.

"To a bar shi," in ji Renske.

Maurits ya ɗago. "A bar me?"

"Ɗaukar. Yadda take."

"Renske, faifai ne. Wanda ya saya zai ji abin nan sau ɗari, kullum a wuri ɗaya."

"Zai kuma ji Harmen sau ɗari. Ka taɓa jin an busa wurin nan haka? Faɗa mini gaskiya, ni ba 'yar jarida ba ce."

Ta ce shekara talatin yana cika wa mutane kunne cewa tsofaffin kayan kiɗa suna tari suna atishawa, wai shi ne daɗinsu, to yau ga ɗaya ya yi, sai ya nuna ko da gaske yake. Ta san wannan rashin kunya ce, kuma ba ta taɓa yi masa irinta ba. Maurits ya ce tarin kaya daban, sakacin mai busa daban. Maganar ta soke ta, don gaskiya ce.

"Sakacina ne," ta ce. "Ni na yi. Ba shi zai biya ba."

Ya sa aka maimaita wurin, ya saurara ido a rufe. Ya sa aka sake. A na uku ya zauna a bakin tebur ya ajiye wayar.

"Sunanki yana cikin takardar faifan," ya ce a hankali. "Duk mai busa ƙaho daga nan har Japan zai san ke ce. Ɗalibanki za su ji. Kin yarda?"

Ta ga fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, da 'yar dariyar da za a riƙa yi a ɗakunan gwaji. Abin ya yi mata ciwo sosai, ba ta ɓoye wa kanta ba.

"Na yarda," ta ce.

Liesbeth ta ja layi a takardarta ta rubuta lambar ɗaukar. Maurits ya ce a gaya wa mutane bayan hutu za a wuce babi na uku. Da Renske ta kai ƙofa ya kira sunanta, ya ce ta san dai wannan bai gyara haƙorin ba, kuma akwai wasanni cikin bazara. Ta ce ta sani.

Ta sami Harmen a kujerarsa shi kaɗai, ƙaho a cinya, ya naɗe bakinsa da mayafin wuya. Ta zauna a damansa ta buɗe takardar babi na uku.

"Ya kira ta?" ya tambaya ta cikin mayafi.

"Bai kira ba. An zaɓi ta farko."

Ya juyo ya dube ta, abin da ba ya yi a wurin aiki.

"Da ruwan?"

"Da shi."

Masu goge sun fara dawowa da kofunan kofi a hannu, mai ganga yana shafa fatar gangarsa da tafin hannu don ta ɗumama. Harmen ya sauke mayafin ya ce ba zai zo wasannin bazara ba, zai gaya wa Maurits da kansa kafin a yi masa shirun waya. Ya ce tun a ɗauka ta biyu ya san sau ɗayan nan ke nan, ba wani a bayansa. Renske ta so ta musa, amma ba su saba yi wa juna ƙarya a kan busa ba. Baƙin ciki ya cika mata ƙirji, na shi da na kanta, don ba ta san yadda ake zama a daman wani ba.

"In an tambaye ni," ya ce, "zan ce ƙahona ne ya yi."

"Wa zai yarda? Daga ƙasa ya fito. Kai tun da nake da kai ba ka taɓa iya sauka can ba."

Ya yi dariya, sanyi ya bugi haƙorin, ya yamutsa fuska ya dafe baki. Maurits ya hau kan akwatinsa ya ɗaga hannu. Su biyun suka ɗauki ƙahoni a tare, ta jira Harmen ya ja numfashi kamar yadda ta saba, ta ja nata a bayansa.